Daga Tambuwal zuwa Kwatano Don Ƙafar Arzika

A tsakiyar Kwara, cikin jirgin ruwa mai inji da ya ɗebo mu daga Dole Kaina zuwa Lolo, na fara tambayar kaina ko da sauran hankali a tare da ni. Gabana buhunan albasa, bayana mashin biyu da akuya, ƙarƙashin takalmina kuwa ruwa na shigowa ba sallama. Na shekara ashirin da ɗoriya ina koya wa ɗaliban sakandare a Tambuwal dalilin da ya sa jirgi ba ya nutsewa. Ran nan na gane ashe karantar da darasin kawai nake yi, ban taɓa yarda da shi ba.

Wani dattijo mai goro da ke gefena ya ce, "Malam, mi kaka zuwa saye Kwatano? Mota?"

Na ciro takarda daga jakata ta fata na nuna masa zane. Abu uku ne: ɗan giya mai haƙora da bai fi ƙwandala ba, da sanda mai haƙora tsawon ɗan yatsa, da sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen nan mai dawowa in an danna shi. Ya duba, ya juya takardar ko akwai ci gaba a baya, ya ga babu.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya miƙo mini goro ya ce, "Allah shi ba da sauƙi." Da irin muryar da ake gaida majinyaci ya faɗa.

Ga abin da ya raba ni da gida. Arzika taubashina ne, ɗan goggona, mutumin Kebbe. Tun muna yara yake kirana bawa, nake kiransa bawa, kuma har yau ba a yanke hukuncin wanda ya mallaki wani ba. Tela ne, sannan shi ke kaɗa wa Malam Haliru sha'iri fiyano a Maulidi da walima. Fiyanon ni na haɗa shi da hannuna, daga maɓallan wani mataccen fiyano, da kayan cikin rediyo uku, da akwatin katako, da batirin mota. A littafi sunansa ogan, amma a Kebbe duk abin da ke da maɓallai farare da baƙaƙe fiyano ne, kuma ban ga amfanin jayayya da gari guda ba.

Kiɗan bege yana da ladabinsa. In sha'iri ya ɗauko baiti, kiɗa ya sunkuya don a ji kalmomin yabo. In 'yan amshi suka karɓa, kiɗa ya miƙe. Arzika da hannun dama yake kiɗa, na hagu kuwa yana kan abin murɗa murya, wanda masu gyaran rediyo ke kira boliyum. Sai ga shi wata ranar kasuwa mashin ya kayar da shi a hanyar Kebbe, mota ta bi ta kan hannun hagun, likita ya yanke shi daga gwiwa. Ya rufe keken ɗinkinsa da zane, bai ƙara yarda kowa ya taɓa ba. Kiɗa kaɗai ya rage masa.

Fitarsa ta farko bayan ya warke, kiɗan ya ƙi sunkuyawa. In ya saki maɓalli don ya rage murya, kiɗa ya yanke. In ya ƙyale, sai a ga bakin Malam Haliru na motsi ba a jin abin da yake faɗa. Da aka tashi, Malam Haliru ya ja shi gefe, ina tsaye.

"Arzika, ba ƙinka nika yi ba, Allah shina gani. Amma yabon Manzo ba a binne shi cikin kiɗi. In watan Maulidi ya tsaya ba a samu dabara ba, akwai wani makaɗi Jega da anka yi min zancensa."

Ni kuwa, da bakin malamin da bai taɓa rasa amsa a aji ba, na ce, "Abu mai sauƙi. Feda za a yi masa, ƙafa ta yi aikin hannu."

Wata huɗu ina wannan abu mai sauƙi. Matsalar ita ce feda ɗan taƙi take motsawa, boliyum kuwa sai ya kusa zagaye guda. Na ɗaura zare, ya zame. Na sa robar tayar keke, zafi ya saki ta. Na ciro giyan agogon bango, Arzika ya taka sau ɗaya haƙoran suka zube. Sifirin ɗin da zai riƙa dawo da fedar kuwa na birkin mashin na sa, ga shi da taurin kai. Arzika na dannawa ƙafarsa na rawa, muryar fiyano na rawa tare da ita.

Ya ce, "Bawa, wanga ba bege ba ne. Akuya ta ɓace ma ɗiyanta."

Na nema a Sakkwato, na aika Kano, aka ce in dai tsofaffin kayan Turawa ne, sai Kwatano inda jiragen ruwa ke zubar da su. Da aka ba da dogon hutu, na rataya jaka.

A Malanbil, garin farko na ƙasar Binin, na fara sanin darajar jahilci. Turancin da na sha bulala a kansa, na kuma ba wasu bulala a kansa, ya tashi aiki nan take. Jami'in da ke shingen hanya ya karɓi zanena, ya ga giya da sanda da sifirin, ya haɗe rai, ya yi ta zuba Faransanci. Na fahimci yana zaton kayan bindiga ne. Na yi bayani da Turanci, na yi da Hausa, na ɗan taɓa Larabci don neman albarka. A ƙarshe na zauna a kan benci, na baza yatsu a iska, na riƙa taka ƙasa ina kukan fiyano da bakina, ƙasa-ƙasa sannan sama-sama. Ya kira abokan aikinsa, aka sa na maimaita. Da hularsa a hannu ya sallame ni, yana share hawayen dariya. Na gode Allah da babu ɗalibina ko ɗaya a wurin.

Tsakanin Kandi da Faraku motarmu ta mutu a daji, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Daga hantsi har la'asar muna zaune. Guzurina ya ƙare tun jiya, kunya kuma ta hana ni kallon masu ci. Wata mata mai goyo, wadda ba ta jin maganata ba na jin tata, ta ɓare dafaffiyar doya ta raba biyu, ta barbaɗa yaji, ta ɗora mini a gwiwa ba ta ko dube ni ba. Na yi mata godiya da duk harsunan da suka kasa cetona a Malanbil. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da cin rabinta.

Kwatano gari ne da ba ya tsayawa ya amsa sallama. 'Yan kabu-kabu masu rawayar riga sun fi fara yawa. Na sauka a zango wurin Alhaji Tanko, dillalin albasa, wanda kakansa ya zo daga Gwadabawa, shi kuwa bai taɓa ganin garin ba amma yana yabon furarsa kamar jiya ya sha. Ya ba ni tabarma a shagonsa. Kwana tara na yi a kanta, har yau in na ji warin albasa sai in ji kamar in gaishe ta.

Kwana uku ina zagaya babbar kasuwa da takardata. A rana ta huɗu na faɗa hannun wani mai farar riga da tabarau, wanda maƙwabtansa ke kira Injiniya. Yana jin Hausar kasuwa. Ya dubi zanen ya yi dariya.

"Alaji, me ya sa wahala? Akwai shi gaba ɗaya, sabo, daga Jamus."

Ya fito da feda baƙa mai sheƙi, ya haɗa ta da lasifika, ya taka. Murya ta hau, ta sauka, sumul. Na ji ƙwalla ta taru mini. Ya ce bari ya sa mini a kwali saboda ruwa, ya shiga ciki, ya fito da kwali ɗaure da igiya tamau, har da yi mini addu'ar sauka lafiya. A shagon Alhaji Tanko na kwance, na sa sukudireba na buɗe cikinta don in ga irin giyan da Jamusawa ke sawa. Na tarar da guntun bulo an naɗe shi da tsumma don nauyi. Ko waya ɗaya babu.

Alhaji Tanko ya leƙa ya ce, "Malam, ba kai ne kac ce kana tsaron jarrabawa ba?"

"Ni ne."

"To ko albasa, ba a sayen buhu sai an zazzage. Na sama na mai saye ne, na ƙasa na mai sayarwa."

Muka koma washegari. Rumfar na nan, amma wata mata ce a ciki tana sayar da bokitai, kuma a iya saninta tun da aka halicci duniya bokitai ake sayarwa a wurin.

Ranar ce kewar gida ta kama ni sosai. Ruwan Kwatano ƙarnin kifi yake yi. Na tuna a daidai lokacin gero ya fitar da kai a Jabo, can wajenmu, ƙasa na ƙamshi, ana dama fura da nonon da bai san firji ba. Na kira Arzika don ya zage ni in ji daɗi. Na ba shi labarin bulo, ina jiran ya ce ai bulo ya gane ɗan'uwansa. 

"Umaru," ya ce, "ka dawo gida. Na gode. Zan gaya ma Malam Haliru shi kira na Jega. Akwatin kuma ka zo ka ɗauka, ko ɗiyan makaranta su koyi wani abu da shi."

Tun da aka haife mu bai taɓa kirana Umaru ba. Ruwan Kwara bai tsorata ni kamar wannan sunan ba. Na ce masa layin ba kyau, ban ji abin da ya ce ba, na kashe.

Ranar Lahadi da hantsi ina tafe ba inda na nufa, ruwa ya kore ni ƙarƙashin wata rumfa a jikin coci. Daga ciki na ji ogan. Ba waƙar ce ta tsayar da ni ba, ladabin kiɗan ne. In mai ja ya ɗauko, kiɗa ya sunkuya. In jama'a suka karɓa, ya miƙe har bango na amsawa. Kuma murya in ta tsaya a wuri, ta tsaya cak, ba rawar akuya. Na jira a ƙofa da kaftanina da hulata har aka tashi, mutane na wucewa suna gaishe ni da ido. Na yi wa mai gadi wasan da na yi a Malanbil, don yanzu na ƙware. Ya fahimta, ya tsayar da ɗan kabu-kabu, ya gaya masa inda zai kai ni gobe.

Baba Kojo tsoho ne siriri, mai gyaran ogan, shagonsa a hayin gada cike da gawarwakinsu har rufi. Ya yi aiki a Legas yana saurayi, don haka Turancina ya farfaɗo. Na ba shi labarin Arzika tun daga hannu har bulo. Bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa zanena a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan giya ya gyaɗa kai, ya ɗora a kan sanda ya gyaɗa kai. Da ya zo kan sifirin sai ya tsaya.

"Wannan na mene ne?"

"Don fedar ta riƙa dawowa."

"Ta dawo daga ina? Wa ya aike ta?"

Na fara bayani. Ya katse ni.

"Malamin makaranta, mota kake haɗawa?"

Ya zaunar da ni gaban wani tsohon ogan, ya ce in cire takalmi in taka. Na danna da yatsu, fedar ta yi gaba. Ya ce in ɗauke ƙafa. Na ɗauke. Ta tsaya inda na bar ta. Na danna da diddige, ta yi baya, na ɗauke, ta tsaya. Babu sifirin ko na magani.

A garinmu duk abin da ake takawa komawa yake yi: totur, birki, kuloci. Ban taɓa tambayar kaina ko dole ne ba. Wata huɗu ina sa gurgun hannu kokawa da birkin mashin, ina neman sifirin mai taushi, alhali sifirin ɗin shi ne cutar.

"To me ke riƙe ta?"

Ya kwance noti ɗaya a gindin fedar, ya zaro wasu 'yan zagayayyun fata guda biyu da suka baƙe don tsufa. Su ke matse ƙarfen da fedar ke juyawa a kai. A ɗaure noti, ta yi tauri. A sassauta, ta yi laushi. Gogayya ke nan, darasin 'yan aji ɗaya, wadda nake gabatar da ita a matsayin abokiyar gabar inji. Kowace feda da na haɗa sai da na cika ta da giris don in kore ta.

Azahar ta yi. Kafin in tambaya, ya zuba ruwa a gwangwani, ya share wani lungu tsakanin ogan biyu, ya shimfiɗa kwali mai tsabta, ya nuna mini gabas da sukudireba. Da na idar na tarar ya ciro mini giya da sanda na tagulla daga wata gawa da ya ce ta girme ni, da boliyum mai rufaffen ciki wanda ƙasa ba ta shiga. Fata ce ta gagara. Ya jawo wadda ake sayarwa yanzu, ya lanƙwasa, ta tsage.

"Roba ce da rigar fata," ya ce. "Ta gaskiya daga arewa take zuwa, can ƙasar jajayen awaki. Na shekara ban ga mai kyau ba."

Idonsa ya sauka kan jakata. Ya ɗauka, ya murza, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Daga ina?"

"Sakkwato. Wurin dukawa na saya."

"Kuma ka zo Kwatano."

"Na zo Kwatano."

Bai nemi izini ba, ya sa almakashi ya yanko zagaye biyu daga maratayin. Na tambayi abin da zan biya. Ya rungume jakar, ya ce yana da wani ogan mai zuga-zugi da ya shekara uku yana jiran irin wannan fata. Na juye kayana a baƙar leda. Sannan na tambaye shi allon da ake takawa, ko yana da na sayarwa.

"Kada ka ɗauki nauyi a banza. Duk abin da ke lilo tsakanin diddige da yatsu ya isa. Ba ku da teloli a garinku?"

Na dafe kai da hannu biyu, har ya tambaya ko lafiya.

Komowa ba ta da labari, sai dai jami'in Malanbil ya gane ni, ya taka ƙasa ya yi mini kukan fiyano. A Kwara kuwa ban ko kalli ruwan ba, ledata na rungume. Ban tsaya Tambuwal ba sai don sauya riga. Na hau mashin zuwa Kebbe cikin laka, saura kwana shida wata ya tsaya.

Na tarar da Arzika a zaure, ya rame. Na zazzage masa kayan a tabarma kamar yadda Alhaji Tanko ya koya mini. Ya taɓa giyan da yatsa.

"Ina fedar?"

"Tana ɗakinka, ƙarƙashin zane."

Ya gane. Fuskarsa ta sauya.

"Ba a taɓa min keke."

"Ba kan keken nika so ba. Matakin kaɗai."

"Shekara ashirin da shi nika ciyar da gidan ga. Ka bar shi shi mutu da mutuncinsa."

"Wa ya ce ya mutu? Hannu anka yanke maka, ƙafa na nan. Duk Kebbe akwai ƙafar da ta san diddige da yatsu kamar taka?"

Ya kalli ƙafar kamar baƙuwa. Ya tashi ya shiga ciki. Can sai na ji ƙarar da gidan ya yi kusan shekara bai ji ba, matakin keke na lilo ba zare ba ƙyalle. Ya ɗaga murya daga ɗaki.

"Ka taho da sifana, ko ita ma sai an je Kwatano?"

Mai walda ya yi mana gindi. Na ɗaura sandar tagulla a jikin matakin, haƙoranta suka shiga na giya kamar tare aka haife su. Na sa fatun nan biyu, ban kusance su da giris ba. Arzika na takawa ina ɗaure noti, yana cewa ƙara, ƙara, sassauta kaɗan, har ya ce tsaya nan. Ya ɗauke ƙafa. Muryar ta tsaya cak.

Ranar Maulidin farko, bayan la'asar, aka cika filin ƙofar gidan hakimi. Malam Haliru ya kalli ƙarfen keken ɗinki a ƙarƙashin fiyano, ni kuma na ga makaɗin Jega zaune a sahun gaba da jakarsa, ko da za a buƙace shi. Arzika ya cire takalmi. Ya buɗe da ƙarfi har tsabar kuɗin da ke kan lasifika ta yi tsalle. Malam Haliru ya ja numfashi zai ɗauko baiti, na ga diddigen nan ya sauka a hankali, kiɗa ya sunkuya ya kwanta a ƙarƙashin muryarsa. Kowace kalma ta fito fes. Malam Haliru ya waiwaya don ya ga wanda ya murɗa boliyum, bai ga kowa ba, sai hannu ɗaya a kan maɓallai. 'Yan amshi suka karɓa, yatsun ƙafa suka danna, fili ya ɗauka. A baiti na uku Malam Haliru ya daina waiwaye. A na biyar makaɗin Jega ya ajiye jakarsa ya shiga amshi.

Da aka shafa fatiha, mutane suka yi dafifi suna leƙen ƙarƙashin fiyano. Malam Haliru ya kama hannun Arzika ya riƙe, ya ce jibi akwai Maulidi a Kuchi, gata akwai na Tambuwal, kada ya makara. Ni ina gefe da baƙar ledata, na shirya jawabi a kan giya da gogayya, ba wanda ya tambaya.

Arzika ya hango ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku gan shi nan! Ya ƙetare Kwara, ya sayi bulo, ya bar jakarsa bakin teku, don wani tsoho shi gaya mashi abin da ƙafata ta sani tun yana aji ukku!"

Aka yi ta dariya. Ya sa takalminsa, ya nuna fiyanon da haɓa.

"Bawa, ɗauko akwatin mu tafi. Kuma ka yi hankali da fedar, ba irin taka ba ce."

Na ɗauka.